Wuƙar da aka wasa gefe ɗaya: tarihinta, da ƙorafin wani bahago

1/
Ni bahago ne. Da hagu nake rubutu, da hagu nake yanka albasa, abinci ne kawai nake ci da dama. Shekara biyu da suka wuce na lalata wuƙa mafi tsada da na taɓa riƙewa, saboda na zaci maƙerin da ya yi ta mantuwa ya yi. Wannan zaren tarihin irin wuƙar ne. Yana da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Wani yayana ne da ya yi karatu a Japan ya kawo min ita tsaraba, don ya san ina son girki. Na buɗe kwali, na juya ta. Gefe ɗaya an zaftare shi ya gangaro har bakin kaifi, yana sheƙi. Ɗaya gefen kuwa a shafe yake, har da ɗan kwarmi a tsakiya. Na ce a raina, ashe su ma suna aikin ha'inci, sun wasa rabi sun bar rabi.

3/
Na gwada ta a kan dankalin turawa. Kaifi kam ba a magana. Amma duk yankan da na yi sai ya fara da kauri ya ƙare siriri, wuƙar tana zamewa tana ficewa ta gefe kamar mota mai jan sitiyari. Sai na ɗauke ta na kai wa wani dattijo mai wasa wuƙa a kasuwa, na ce, "Baba, a wasa min ɗaya gefen ma, su daidaita."

4/
Ya juya ta sau biyu, ya ce, "Yaro, anya wannan ba haka aka yi ta ba? Ka dubi cizal ɗin kafinta mana." Na ce a dai wasa. Ya wasa. Laifin nawa ne ɗari bisa ɗari, shi ya ja kunnena. Sai daga baya, da yayana ya gani ya riƙe baki, na zauna na karanta abin da na ɓata.

5/
Bari mu fara da yadda abin yake. Wuƙar da ke kicin ɗinku an wasa ta gefe biyu, bakinta ya haɗu a tsakiya kamar harafin V. Waccan kuwa gefe ɗaya ake wasawa, irin na cizal. Japanawa na kiran irin wannan baki kataba, mai gefe biyun kuma ryoba.

6/
Lissafin mai sauƙi ne. A ce ka wasa kowane gefe a kan digiri 15, jimillar bakin ya zama 30. In gefe ɗaya ka wasa a kan 15, ɗayan yana shafe, bakin 15 ne kacal. Ya fi siriri, ya fi shiga abu ba tare da ya murƙushe shi ba. Amma komai da kuɗinsa: bakin ya fi saurin ɓantarewa, kuma wuƙar ta zama tana da ɓangare. Ko dai ta mai dama ce, ko ta bahago.

7/
Ga yadda ake ganewa. Riƙe wuƙar, kaifi yana kallon ƙasa, tsini yana kallon gabanka. In gangaren yana dama, ta mai dama ce. Shi mai dama yana danne abin da yake yankawa da hagu, shafaffen gefen yana bin jikin abin tsaf kamar an ɗora rula, gangaren kuma yana ture yankakken zuwa dama ya faɗi.

8/
Yanzu ka ba bahago wannan wuƙar. Ni da dama nake danne dankalin, ke nan gangaren ne ke jingine da jikinsa. Gangaren na ture wuƙar waje, ita kuma tana zamewa. Abin da ya same ni ke nan. Wuƙar lafiyarta ƙalau, hannuna ne ba a sa shi a lissafi ba.

9/
To daga ina abin ya samo asali? In ka tambayi masu tallar wuƙa a intanet, za su ce maka daga takobin samurai. Labarin yana sayar da kaya, amma ku duba hoton katana da kyau: gefe biyu ake wasa ta. Tarihin wuƙar girkin Japan ya fi kusa da ganyen taba da kifi fiye da fagen yaƙi.

10/
Garin da za ku riƙe shi ne Sakai, tashar jiragen ruwa da ke manne da Osaka ta kudu. Tsohon garin maƙera ne. A nan ne ƙaton kabarin nan na Daisen yake, wanda ake danganta shi da Sarki Nintoku, tun ƙarni na 5, tsawon tudunsa ya kusa rabin kilomita. Mutanen garin na cewa fartanya da shebur ɗin da aka yi wannan aiki da su ne suka fara tara maƙera a wurin.

11/
A 1543 Turawan Fotugal suka sauka a tsibirin Tanegashima da bindigogi. Japan tana tsakiyar yaƙe-yaƙen cikin gida a lokacin, kowane sarkin yaƙi yana neman makami. Maƙeran Sakai suka kwaikwayi bindigar, garin ya zama ɗaya daga manyan wuraren ƙera ta a ƙasar.

12/
Ta wannan hanyar ciniki ce taba ma ta shigo, wajen ƙarshen ƙarnin. Japanawa ba sa shan ta yadda muka sani. Yanka ganyen suke yi siri-siri kamar gashi, su cusa a ɗan ƙaramin lofe mai suna kiseru. Irin wannan yanka sai wuƙa ta gaske. Sakai ta shiga ƙera wuƙar taba.

13/
Da iyalin Tokugawa suka karɓi mulki a 1603 aka samu zaman lafiya, kasuwar bindiga ta yi sanyi, ta taba kuma ta buɗe. Gwamnatin shogun ta ba wuƙaƙen tabar Sakai hatimi na musamman, Sakai Kiwame, aka riƙa sayar da su a faɗin ƙasar da wannan shaida. Kamar dai a ce hukuma ta buga wa kayanka tambarin inganci, ta kuma hana na wasu gogayya da shi.

14/
Daga nan hannun da ya saba da wuƙar taba ya koma kan wuƙar girki. Wajen ƙarshen ƙarni na 17 aka fara jin sunan deba, wuƙa mai kauri da nauyi ta feɗe kifi. Ana ba da labarin wai maƙerin da ya fara yin ta haƙoransa a waje suke, shi ya sa sunan, don kalmar tana kama da ta mai fitattun haƙora. Ni dai na ɗauke shi hirar maƙera.

15/
Me ya sa kifi? A nan ne abin ya burge ni. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya yi dokar hana cin naman shanu, doki, kare, biri da kaza. An yi ta sabunta irin wannan hani, ana kuma karya shi a ɓoye, amma dai fiye da shekara dubu girkin Japan na fili kifi ne da kayan lambu da shinkafa. Wuƙarsu ta girma ne a kan wannan abinci.

16/
Kuma kifin da yawa ɗanye ake ci. Mu da muke soya kifi ya yi ƙayau, ko wuƙa ta dagargaza tsokar ba mai ganewa, mai zai rufe asiri. Wanda zai ajiye maka yankan ɗanyen kifi a faranti ba shi da wurin ɓuya. Fuskar yankan ita ce girkin. In wuƙa ta murje tsokar, ruwanta zai fito, sheƙin ya tafi, a harshe ma a ji.

17/
Shi ya sa aka yi yanagiba, doguwa siririya, tsawon bakinta yakan kai santimita 27 zuwa 33. Ba a goga ta gaba da baya. Ana ɗora gindinta a kan kifin, a ja ta sau ɗaya har tsini, yanka ya fita. Wanda ya taɓa tsayawa yana kallon mai kilishi yana shimfiɗa nama falle-falle zai gane irin natsuwar da nake nufi.

18/
Ta uku ita ce usuba, ta kayan lambu, kuma irinta ce na lalata. Da ita ake wani yanka mai suna katsuramuki: a riƙe daikon, wani farin tushe mai kama da ƙaton karas, a riƙa juya shi a jikin wuƙa ana feɗe shi ya zama dogon falle ɗaya, siriri har ana hango hannu ta cikinsa. Almajiran girki kan daɗe suna koyon wannan kaɗai. Shafaffen gefen nan ne ke ba da damar yin sa.

19/
Ko a cikin Japan ɗin ma akwai bambancin gari. Mutanen yankin Osaka da Kyoto usubarsu mai lanƙwasasshen kai ce, ta mutanen Tokyo kanta a yanke yake murabba'i. Wuƙar ɗanyen kifi ma haka, Tokyo tana da tata mai suna takohiki, marar tsini. Sun saɓa a kan siffar kai, sun saɓa a kan suna. Abu ɗaya ne ba su saɓa a kai ba: gangare a dama.

20/
Yanzu ga abin da na ɓata. Kwarmin nan na baya sunansa urasuki, kuma da gangan ake yin sa. Yana rage mannewar abinci a jikin wuƙa. Sannan in za a wasa, ana kwantar da bayan a kan dutse, siririn gefen da ya kewaye kwarmin ne kawai ke taɓa dutsen, sai a samu baki miƙaƙƙe cikin 'yan shafawa kaɗan. Da Baba ya zaftare min bayan, wannan layin ya tafi.

21/
Na tambayi yayana, to ba sai a juya ta gaba ɗaya ba, a wasa hagu a shafe dama, ta zama ta bahago? Ya yi dariya. Yawancin waɗannan wuƙaƙe ƙarfe biyu ne aka haɗa a wuta. Mai tauri, hagane, shi ne ke ɗaukar kaifi. Mai laushi, jigane, shi ne gangar jiki. Mai taurin falle ne da aka manna a gefen baya kaɗai.

22/
Ke nan in ka juya wasawar, mai taurin za ka cinye, bakinka ya faɗa kan ƙarfe mai laushi wanda ba ya riƙe kaifi. Tun a cikin wuta, tun kafin a kai ta wurin mai wasawa, an riga an yanke hukuncin hannun da zai riƙe ta. Har ƙotar ma wani lokaci ana yi mata ƙusurwa a gefe ɗaya don ta zauna a tafin dama.

23/
A Sakai aikin a rabe yake. Maƙeri daban, mai wasawa daban, mai sa ƙota daban, kowa da shagonsa, galibi gadon gida. Mutumin da ya shekara talatin yana wasa gangaren dama, hannunsa ya haddace. Ka ce ya yi na hagu, komai sai ya juya shi a kansa, aikin ya ƙara cin lokaci, kuskure ya ƙaru. Shi ya sa har gobe ta bahago ta fi tsada, kuma sau da yawa sai ka yi oda ka jira.

24/
Amma ni ban yarda tsadar aiki ce kaɗai dalili ba. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, a ko'ina a duniya. Kasuwa ce babba. Abin da ya sa maƙeran ba su damu ba shi ne, bahagwan Japan ba sa isowa shagon a matsayin bahagwai. An riga an gyara su tun suna yara.

25/
Tsinken cin abinci da dama. Burushin rubutu da dama, kuma tsarin jan layukan haruffansu ma an gina shi ne a kan hannun dama. Samurai yana rataye takobi a ƙugun hagu don ya zaro da dama. Har a tsohon bikin nan na hocho-shiki, inda ake feɗe kifi ba tare da hannu ya taɓa shi ba, wuƙa tana dama, tsinken ƙarfe yana hagu. Yaron da ya shiga koyon girki a irin wannan gida, wa zai ce wa shi bahago ne?

26/
A nan ne labarin ya daina zama na Japan a wurina. Duk bahagon da ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan karatun. Na tuna yadda ake buge min hannu in na miƙa shi karɓar abu, da wata gwaggona da ta sha alwashin sai ta raba ni da hagu kafin a sa ni makaranta. Ci da dama na koya, kuma ban da ƙorafi a kansa, tarbiyya ce. Amma yanka da rubutu sun ƙi komawa.

27/
Kuma kada ku ce wuƙar Japan ta yi mana nisa. Akwai mai baki irin wannan a kowane gida: almakashi. Kowane ɓari nasa gefe ɗaya aka wasa, kuma an jera su ne yadda matsin yatsun dama zai haɗe bakunan. A hannun hagu matsin yana buɗe su, yadi ya lanƙwashe a tsakani, ɓarin sama kuma ya rufe maka layin da kake bi. Ku tambayi duk telan da bahago ne yadda ya koyi yanka.

28/
Mu koma tarihi. A 1872 aka sanar cewa Sarki Meiji ya ci nama, ƙofar girkin Turawa ta buɗe. A 1876 aka hana yawo da takobi, maƙeran takubba da yawa suka koma yin wuƙa da kayan aiki. A nan ne gaskiyar labarin samurai take: maƙeran ne suka sauya sana'a. Da nama ya shigo sai aka fara ƙera gyuto, kwaikwayon wuƙar Turawa mai gefe biyu. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma santoku ta cika gidaje.

29/
Wato yau uwar gida a Tokyo mai gefe biyu take amfani da ita, kamar ke. Kataba ta zama kayan ƙwararru. Sai dai bahago ya yi hattara ko a nan, don yawancin masu gefe biyun na Japan ba a raba wasawar daidai, ana ba dama kaso mafi yawa. Tsohuwar ɗabi'a ba ta fita duka ba.

30/
Abin dariyar yana Amurka. Wani maƙeri a Kalifoniya, Phill Hartsfield, ya yi suna da wuƙaƙe masu bakin cizal da ya ɗauko salonsu daga Japan. Ernest Emerson ya ɗauki wannan baki ya sa a wuƙar aljihu mai naɗewa, CQC-6, wadda sojojin kundumbala suka so. A 1994 kamfanin Benchmade ya fitar da ƙanwarta, CQC-7, ga kowa da kowa, salon ya bazu.

31/
Sai dai Emerson a hagu ya sa gangarensa. A ƙa'idar Sakai, wannan wuƙar bahago ce, ga shi kuma masu dama ake sayar wa. An daɗe ana musu a kai. Masu suka na cewa don hoto ne, wai gefen hagu shi ne wanda ake nunawa a talla, mai ɗauke da tambari. Masu kare shi na cewa wuƙar yanke igiya da aikin ƙarfi ce, ba ta yanka kifi ba, gefen bai dame ta ba.

32/
Ni a ganina dukansu suna da gaskiya. In igiya za ka datse ko kwali, ba za ka ji bambanci sosai ba. In fiƙe itace za ka yi ko yanka abu falle-falle, za ka ji. Na yi murna da na fara karantawa, na ce yau ga wuƙar da aka yi da mu. Sai na lura makullin da ke riƙe bakinta da maƙalin aljihunta duk na mai dama ne. Bakin namu, jikin nasu. 😅

33/
Akwai waɗanda suka warware matsalar tun da daɗewa ba tare da surutu ba. Faffaɗan gatarin da Turawa ke sassaƙe gungume da shi ya zama katako, shi ma gefe ɗaya ake wasa shi. A Amurka an riƙa ƙera kansa yadda za a iya zura ƙota ta sama ko ta ƙasa. Bahago sai ya cire ƙotar ya juya kan, shi ke nan. Wuƙa ba ta da wannan gata, tsininta ɗaya ne.

34/
In za ku sayi irin wannan wuƙa, ko wani zai kawo muku: ku faɗi hannunku tun kafin a biya kuɗi. In ba a rubuta komai a talla ba, ta mai dama ce. Kada a kai ta injin wasa wuƙa na kasuwa, dutsen ruwa take so. Kada a sare ƙashi ko daskararren nama da ita. A goge ta ta bushe bayan aiki, don irin ƙarfenta yana tsatsa da wuri. In kuma girkin gida ne kawai, miya da tuwo da yankan salak, wallahi mai gefe biyu ta ishe ku, ku adana kuɗinku.

35/
Tawa tana nan. Yayana ya ce ƙwararren mai wasawa zai iya dawo da bayan, amma sai an cinye ƙarfe da yawa, kuma ko an gyara ta mai dama ce dai. Na ba ƙanwata, tana yanka kabeji da ita, ta ce ba ta taɓa riƙe mai kaifinta ba. Ni kuma na sa a tambayo min kuɗin usuba ta hagu a Sakai. An turo farashin, na mayar da shi naira, na rufe wayar. Ina tara kuɗin a hankali.